Giginya ba kwalbar magani ba ce

'Ya'yana, giginya ta shiga waya. Itaciyar da a da makiyaya da yaran ƙauye kaɗai suka damu da 'ya'yanta, yau ga ta a Facebook da WhatsApp da TikTok, an jera mata amfani har ƙasan allo. Wai tana wanke hanta, tana sauke sukari, tana gyara fata, tana hana ciwon daji. Muruci kuwa, in ji masu turo saƙon, ya fi duk wata ƙwayar kemis ƙara wa namiji ƙarfi. Ku kuma kuna karantawa, kuna tura wa iyayenku da ke fama da ciwon sukari, da zuciya ɗaya. Ina son giginya tun ina yaro, shi ya sa ba na jin daɗin ganin ana ɗora mata kayan da ba nata ba. Abinci ce mai kyau, ta ciyar da mutane tun kaka da kakanni. Wanda ya ɗauke ta a matsayin magani shi ne zai iya cutuwa da ita.

Ku fara da duban hoton da ke rakiyar saƙon. Sau da yawa za ku ga wasu ƙwalaye farare, masu sheƙi, masu laushi, an zuba su a kan ganye. Wannan hoton daga Indiya yake, rubutun ma can aka yi shi, wani ya juya shi zuwa Hausa ya saki. Giginyar da suke magana a kai 'yar'uwar tamu ce, amma ba ita ba ce. Masana tsirrai suna kiran tasu Borassus flabellifer, tamu kuma Borassus aethiopum. Tamu ita ce mai kumburin nan a saman gangar jiki, wadda kuke gani a fadamun Kabi da Neja da kudancin Kaduna, da kwarin Binuwai har Taraba da Adamawa, da dajin nan mai faɗi na Dallol Mauri a ƙasar Gaya ta jihar Dosso. Tasu miƙaƙƙiya ce baƙa, 'ya'yanta ma in sun nuna baƙaƙe ne daga waje, ba ruwan ɗorawa irin namu ba.

Mutanen Asiya sun fi mu cin moriyar tasu, gaskiya ɗaya ce. A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya ita ce itaciyar da gwamnati ta ɗauka alamar jiha. Kambodiya ta ayyana ta itaciyar ƙasa a 2005. Siri Lanka ta kafa mata hukuma sukutum a 1978, saboda mutanen Jaffna a arewacin tsibirin da ita suke rayuwa: su sha ruwanta, su dafa shi ya zama mazarƙwaila, su yi gari da murucinta, su rufa ɗaki da ganyenta. A Indiya da Bali ta Indunusiya a kan ganyenta aka rubuta littattafai ɗaruruwan shekaru, ana zana harafi da tsinken ƙarfe a goga baƙi. Duk wannan abin koyi ne. Sai dai idan mai rubutu a Chennai ya ce ɗan giginya yana sanyaya jiki, ɗanye yake nufi, wanda aka sare daga sama tun bai ƙosa ba. Ku kuma in kun ji "ɗan giginya" abin da ke zuwa muku shi ne nunanne mai ƙamshi da ya faɗo ƙasa. A nan rikicin yake farawa, domin itaciya ɗaya ce ke ba da abinci iri huɗu, kuma kowanne da abin da yake yi a jiki: ƙwayar ɗanyen ɗa, tsokar nunanne, muruci, da ruwan da ake tatsa daga jikinta.

Ƙwayar ɗanyen ɗa ita ce ta cikin hoton. In an sare kan ɗan da adda za a tarar da gurbi uku galibi, kowanne da tsoka mai santsi da ɗan ruwa mai zaƙi-zaƙi a tsakiya. Wanda ya taɓa cin kwalshin goruba zai gane zancen. Wajen kashi 90 cikin 100 na wannan tsokar ruwa ne, sauran kuma ɗan sukari da ɗan gishirin jiki irin su fotashiyam. Ke nan sirrin sanyaya jikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne: mutum ya sha rana, ya yi gumi, ya ci abu mai ruwa da ɗan zaƙi, ya ji ransa ya dawo. Kankana ma haka take yi. A watan Afrilu, ko a buɗa baki in azumi ya faɗo cikin bazara, ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba, kuma zan so a ce masu sayar da kayan marmari a garuruwanmu sun koyi kawo ta kasuwa yadda ake yi a Indiya. Ku zaɓi mai laushi. Wadda ta fara tauri tana wuyar narkewa, takan ƙulle wa mutum ciki. Kada a miƙa wa ƙaramin yaro guda sukutum, santsinta na iya kai ta maƙogwaro. A yayyanka masa ƙanana. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono kaɗai ya ishe shi.

Akwai wani saƙo da ke cewa wannan ƙwayar tana maganin gudawa da bushewar jiki. Ku yi hankali da shi ƙwarai. Yaron da ke zawo gishiri yake zubarwa tare da ruwa, gishirin da ke cikin ɗan giginya kuwa bai kai ya mayar masa ba. Abin da ke ceton ransa shi ne ruwan gishiri da sukari: ko dai na fakiti da ake samu a kemis da asibiti, ko a haɗa a gida, lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidan, babu sauran jira, sai asibiti.

Nunannen ɗa shi ne namu na gado. Kun san yadda ake yi da shi: a buga shi a kan dutse har ya yi laushi, a ɓare bawon, a yi ta tsotsa, zare yana maƙalewa a haƙori, ƙamshin yana bin hannu har washegari. Mata sukan jiƙa shi su matse ruwan su zuba a kunu, kuma ni dai ban san wani kayan ƙamshi na kanti da ya kama ƙafarsa ba. Launin nan nasa na ruwan ɗorawa alama ce ta sinadarin karotin, irin wanda ke cikin manja da mangwaro da karas, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai taimakon gani da dare da garkuwar jiki. Masu bincike a Jami'ar Ngaundere ta Kamaru sun auna 'ya'yan giginyar arewacin ƙasarsu, suka buga sakamakon a 2010, kuma abin da suka samu a tsokar shi ne sukari mai yawa, da zare-zare, da karotin, da bitamin C. Karotin ya fi shiga jiki in ya haɗu da ɗan maiƙo, saboda haka wadda ta zuba ruwan giginya a kunun gyaɗa ta yi daidai, ko da ba ta taɓa jin sunan bitamin ba. Zaren kuma yana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida. Yaron ƙauyen da ke tsintar ɗan giginya a lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, ganye kuma bai fito ba, yana samun abin da jikinsa ke nema kyauta. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, kuma ba ya bukatar a ƙara masa gishiri.

To amma ku lura da abu na farko a jerin: sukari. A nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, domin a nan ake asarar ƙafa da ido.

Zancen cewa giginya tana sauke sukari yana da ɗan tushe. A cikin tsokar giginyar Asiya akwai wasu sinadarai masu ɗaci, su ne ke sa bayan harshe ya ɗan yi bauri. Masana a jami'o'in Siri Lanka sun ware su, suka gwada a kan ɓeraye, suka ga ɗaya daga cikinsu yana rage yawan sukarin da hanji ke tsotsa. Bincike ne mai kyau, wata rana yana iya haifar da wani abu. Amma daga nan zuwa a ce wa dattijuwa mai ciwon sukari ta ajiye ƙwayoyinta ta koma shan ruwan giginya, tafiya ce mai nisan gaske, kuma ba wanda ya yi ta. Sinadarin da aka tace aka auna a ɗakin gwaji daban yake da kofin ruwan giginya mai kauri da zaƙi. Ciwon sukari ba ya ihu. Mai shi yana iya jin garau alhali yana cin ƙodarsa da jijiyoyin idonsa da na ƙafarsa a hankali. In Hajiya tana sha'awar giginya, ta ɗan tsotsa kaɗan bayan ta ci abinci, ba a kan yunwa ba, ba kuma kofi-kofi ba. In akwai na'urar gwaji a gidan, ku da kuka iya aiki da ita ku gwada mata kafin ta ci, ku sake gwadawa bayan awa 2. Abin da na'urar ta nuna ya fi duk saƙon da aka turo muku gaskiya game da jikinta.

Haka zancen mazarƙwailar giginya da ake shigowa da ita a leda mai kyau, ana cewa sukarin masu ciwon sukari ne. Gaskiya ne tana ɗauke da ɗan sinadarin ƙarfe da wasu ma'adanai da farin sukari ya rasa wajen tacewa. Amma mafi yawan nauyinta sukari ne irin na rake, jini kuma ba ya tambayar daga wace itaciya ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma in an rage ya koma rabin haka ya fi. Mazarƙwaila, ta rake ce ko ta giginya, tana cikin wannan lissafin. Masu ciwon ƙoda da likita ya taƙaita musu fotashiyam su ma su tambaye shi kafin su saki jiki da kowane ɗan itace, har da wannan.

Yanzu bari in zo kan muruci, don na san samari shi kuke jira.

Muruci jaririyar giginya ce. Ana tara ƙwallayen bayan an tsotse, a jera su a rami marar zurfi da farkon damina, a rufe da ƙasa. Kowane ƙwallo sai ya tura wata jijiya ta nutsa cikin ƙasa, abincin da ke cikinsa ya bi ta ya taru a ƙarshenta, domin tsiron ya samu abin rayuwa kafin ya fito da ganye. Bayan wata 6 zuwa 8 sai a haƙe, a dafa, a ɗaure kashi-kashi a kai tasha. Abin da tsiron ya tara kuwa sitaci ne, ɗan'uwan na rogo da doya, da zare mai yawa, da furotin kaɗan. Shi ya sa yake riƙe ciki. Direba ko ɗan kasuwar ƙauye da ya ci muruci biyu da gyaɗa ya kora da ruwa zai kai la'asar bai nemi abinci ba. In da ƙarfin da ake nufi ke nan, na yarda da shi ɗari bisa ɗari: mai yunwa ya ci ya ƙoshi, ƙarfi ya zo masa.

Amma kun san ba shi ake nufi ba. Sunan da muruci ya yi a wajen maza tsoho ne, ba waya ce ta kawo shi ba, kuma an ɗan gwada ruwan da aka tatsa daga gare shi a kan ɓeraye maza an ga wasu alamu. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma abin da aka ɗura masa gwargwadon nauyinsa ba shi ne abin da kuke gutsura a bakin tasha ba. Wanda ya ci dafaffen muruci don marmari, ya kuma ji a ransa cewa ya ƙaru, ba ni da ja da shi. Inda nake ja shi ne garin da ake ƙullawa a leda ko a zuba a roba, a rubuta "garin muruci" a jiki, a ce a sha da madara safe da yamma har wata uku.

Dalilina biyu ne. A 1971 masu bincike a jami'ar da ke Peradeniya ta Siri Lanka suka ba da rahoton cewa ɓerayen da aka ciyar da garin murucin Asiya a matsayin babban abincinsu sun samu lahani a hanta da jijiyoyi, wasu ma suka mutu, kuma binciken da ya biyo baya ya sake ganin haka. Mutanen Jaffna ba su daina cin abinsu ba, kamar yadda mu ma ba za mu daina ba. Suna cinsa a lokacinsa, tare da sauran abinci, kuma sukan wanke garin su zubar da ruwan ɗacin kafin su yi girki. Abin da wannan ya nuna shi ne akwai wani abu a cikin tsiron da ba a wasa da yawansa. Iyayenmu ma ba su taɓa cin muruci kullum shekara zagaye ba: dafaffe suke ci, su ɓare bawon, su tsaga su cire zuciyar, in lokacinsa ya wuce su jira baɗi. Ɗanyen gari kullum har wata da watanni sabon abu ne, kuma da jikinku ake gwada shi. Mai ciki da mai ciwon hanta su nisanci irin wannan garin gaba ɗaya.

Dalili na biyu ya fi muni. Ba ku san abin da ke cikin ledar ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da yawa, har da FDA ta Amurka, sun sha kama kayan ƙarin kuzari da aka rubuta wa "na gargajiya zalla" alhali an niƙa sildenafil a ciki, wato sinadarin ƙwayar Viagra, ba awo ba ƙa'ida. Shi ya sa wani zai rantse muku cewa garin yana aiki. Yana aiki mana, amma ba murucin ne ke aikin ba. In wannan sinadarin ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini farat ɗaya, mutum ya yanke jiki. Kuma ga abin da ba a faɗa muku a majalisa: raunin namiji a wajen mai shekara 35 ko 40 sau da yawa shi ne ɗan aike na farko da ciwon sukari ko hawan jini ke turowa, domin ƙananan jijiyoyin jini su ne ke fara lalacewa. Wanda ya rufe bakin ɗan aiken da garin leda ya hana kansa jin saƙon. Gwajin sukari da na hawan jini ba sa cin minti goma. A wajen saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu kuwa, galibi damuwa ce da rashin barci da kallace-kallacen waya da ƙwayoyin da ake haɗiya a ɓoye, irin su tiramadol. Kunya ta hana shi gaya wa likita, sai ya gaya wa mai lasifika a kasuwa.

Sauran haɗarin giginya na hannu ne da ruwa da ƙuda. Murucin da aka dafa shekaranjiya, ana ta yayyafa masa ruwa don ya yi sheƙi, ku tambayi kanku ruwan ina ne, musamman a lokacin da ake kwalara a gari. In ya yi yauƙi ko ya fara tsami ku bar shi. Ku sayi mai bawonsa a jiki ku ɓare da kanku. Ɗan da ya faɗo ya fashe ya kwana biyu a ƙasa ya riga ya fara ruɓa, tsutsa da fumfuna sun shiga. Wanda kuka ga shaidar haƙori a jikinsa kuwa kada ku yanke wurin ku ci sauran, ku bar wa mai shi. Jemagu suna kwana a kan giginya, suna kuma ɗauke da cututtukan da su ba sa jin komai amma mutum yana mutuwa. A Bangaladash, tun 2001 kusan kowace shekara cutar Nipah tana kashe mutane, kuma an bi sawu an gano babbar hanyarta: ɗanyen ruwan da ake tatsa daga wani irin dabino, wanda jemagu ke lasa su yi fitsari a tukunyarsa da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 40 zuwa 75 cikin 100 na waɗanda ta kama. Can dabino ne, ba giginya ba, kuma can ne, ba nan ba. Amma tukunyar da ta kwana a buɗe a kan itace ɗaya ce ko'ina, shi ya sa duk ɗanyen ruwan da aka tatsa ta wannan hanya a tafasa shi kafin a sha.

Shi ruwan da ake tatsa daga giginya yana da wata matsalar da ta shafe mu ta wajen addini. Da asuba zaƙi ne zalla, kafin rana ta take ya fara tsima, zuwa yamma ya zama bammi mai bugarwa. Masu tatsa a kudancin Indiya sukan shafa wa cikin tukunyar ƙonanniyar farar ƙasa don su jinkirta tsimar in ruwan zaƙi ko mazarƙwaila suke so. Saboda haka ɗalibinmu da ya je karatu can, ko wanda aiki ya kai shi yankin da ake tatsar giginya a Burkina Faso ko Kwaddibuwa, kada ya ce ai ruwan itace ne. Ya tambaya na yaushe ne, ya kuma sansana.

Kada kuma ku raina faɗowar ɗan giginya. Giginya takan kai mita 20 zuwa 30, ɗanta guda kuma yakan haura kilo 1. Abin da ya faɗo daga mita 20 yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, suna zambo ga mai kyautata wa bare ya bar na gida, amma a lokacin nunar 'ya'ya ku ɗauki maganar a zahirinta: ƙarƙashin giginya mai 'ya'ya ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne, ba wurin ajiye jariri ba ne in ana aikin gona, ba kuma wurin faka babur ba. Ku hana ƙannenku rige-rigen tsinta da asuba in ana iska.

Akwai abin da ke damuna fiye da duk waɗannan, kuma ba ya cikin saƙon waya ko ɗaya. Ku duba giginyoyin garinku in akwai saura. Za ku ga dogaye tsofaffi, da wuya ku ga matasa a tsakaninsu. Muna cin itaciyar ta kai biyu. Ta sama muna sare manya don azara, tun ba namijin giginya ba, wanda itacensa ya fi tauri, gara ba ta iya masa. Da azara aka rufa sorayen Kano da Katsina, da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma har yau ana nemanta. Ta ƙasa kuma muna kwashe ƙwallaye, domin kowane muruci da aka dafa giginya ce da ba za ta tsaya ba. A da giwaye ne ke haɗiye 'ya'yan su kai iri nesa, yanzu sai a Yankari da 'yan wurare kaɗan ake ganinsu. A Sakkwato sunan ya fi itatuwan yawa: filin wasa na Giginya, barikin Giginya, duk don tunawa da fagen da aka gwabza da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Yanzu da aka yi wa muruci tallar ƙarfin maza kuɗinsa ya ƙaru, masu haƙa sun ƙaru, kuma ban ga laifin matar da ke ciyar da 'ya'yanta da wannan sana'a ba. A ƙasar Gaya sai da aka sa ƙauyuka da kansu cikin tsaron dajin, da ƙa'idar sara da ta shuka, kafin abin ya fara daidaita. Irin wannan ba ya bukatar jiran gwamnati. Mai ramin muruci ya ware kashi ɗaya cikin goma na ƙwallayensa ya bar wa ƙasa, ba zai ji a aljihunsa ba.

Wanda yake da gona ko fegi a bakin fadama, ga yadda ake yi. Ku samu ƙwallon ɗan da ya nuna ya faɗo da kansa, ku binne shi ba da zurfi ba da farkon damina, a daidai inda kuke so itaciyar ta zauna, domin giginya ba ta son dashe: jijiyarta takan nutsa kamu ɗaya ko biyu kafin ganye ya leƙo, in an tumɓuke ta ta mutu. Ku nisanta ta da ɗaki da hanya da rijiya saboda faɗowar 'ya'ya. Shekarun farko ganye kawai za ku gani a ƙasa ba gangar jiki, a lokacin ne awaki da wutar daji da masu yankan ganye don tabarma da mafici suke kashe ta, sai a kewaye ta da ƙaya a share ciyawar gindinta kafin rani. Ba ta hana gero ko wake yi a ƙarƙashinta, tunda inuwarta ba ta zama wuri ɗaya. Ba za ta yi 'ya'ya ba sai ta shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, kuma ba a gane mace da namiji sai sun yi fure. Saboda haka kada ku binne ɗaya. Ku binne biyar ko shida, da tazarar taku goma a tsakaninsu.